Sawun Laraba

"Na ce ba za ka koma ba," in ji Hajara. Ba ta ɗago daga kaskon gyaɗar da take soyawa ba.

"Aiki ne, Inna."

"Aiki! Ubanka ya yi dakon ruwa har wuyansa ya karkace don ka yi makaranta. Ka gama, ka zama mai tonon kabari."

"Ba kabari muke tonowa ba. Gidaje ne. Na mutanen da."

"Gidan da mai shi ya mutu mene ne in ba kabari ba?"

Ja'afaru ya jingina da ƙyauren gwangwani. A waje, lungun Jarwal, unguwarsu a Makka, ya yi tsit da zafin hantsi, sai wani jaki da ke kuka can wajen masu ruwa. Tun da ya gama sakandare babu ofishin da bai shiga ba. Su dubi takardarsa, su dubi fuskarsa, su ce, "Bukra, ya Takruni," wato sai gobe, kai baƙon Afirka. Ustaz Abdulganiyyu kaɗai ya ce masa zo gobe, ya je kuma ya tarar da aiki.

"Wane kwari ma ka ce?" in ji ta. Ya riga ya faɗa mata ba sau ɗaya ba.

"Bayan Arfa. Inda tsohuwar magudanar ruwa ta bi gindin dutse."

"Akwai magarya?"

Ya dube ta. Bai taɓa ambata mata magarya ba.

"Akwai."

Gyaɗar ta fara ƙauri. Ta bar ta.

"Ku tona duk inda kuka ga dama. Ɗakin da ke gindin magaryar nan ka bar shi."

"Wane ɗaki? Babu komai a wurin sai yashi. Inna, kin san wurin ne?"

"Halas, na gama magana. Ɗauki jakarka ka tafi, mai kunnen ƙashi."

Ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Kwarin ba shi da faɗi. Duwatsu baƙaƙe a dama, duwatsu baƙaƙe a hagu, tsakiya yashi fari wanda ruwa ya shimfiɗa ya tafi. Ba kowa a cikinsa sai tantin Ustaz, da rumfar masu haƙa, da magarya ɗaya. Da rana iska kan shigo ta bakin kwarin da wani sauti kamar ana kiran mutum daga nesa. Masu haƙan, dukansu Hausawan Jarwal da Zahir, ba sa son sautin nan. In ya taso sai su ɗaga murya da waƙar aiki.

Ustaz Abdulganiyyu Bamisre ne, gajere, mai tabarau da tari. Masu gyaran magudanar ruwa ne suka kawo shi, sai ya ga kan wasu tsofaffin bango sun leƙo daga yashi, ya nemi izinin dubawa. A ganinsa nan maginan magudanar suka zauna da iyalansu, tun zamanin halifofin Bagadaza. Ya koyi wannan sana'ar ne a ƙasar Turawa, can ƙarshen arewa, kuma duk lokacin shan shayi sai ya koma can da bakinsa.

"Kwari ne kamar wannan," in ji shi, "sai dai kore shar, da sanyi mai shiga haƙori. Da bazara rana ba ta faɗuwa, ban san lokacin magariba ba. Mutanen wurin sun zo da jiragen ruwa shekara dubu da suka wuce, da shanunsu da matansu. Suka yanko ƙasa mai ciyawa suka yi gida dogo, mutum a gefe, saniya a gefe, wuta a tsakiya. Muka tono shi. A ƙarƙashin daɓen na tsinci dirhami na azurfa, da rubutunmu a jiki. La ilaha illallah, ya Ja'afar, a hannun mutanen da ba su taɓa jin kiran salla ba."

"Ina suka tafi?"

"Wa ya sani. Amma sun toshe ƙofar da duwatsu daga waje. Wanda ya toshe ƙofa yana da niyyar dawowa." Ya yi tari. "Abin da na koya ke nan. Ƙasa ba ta faɗin suna, ba ta faɗin dalili. Abin da take faɗa kawai, wane ne ya riga wane."

Aikin Ja'afaru awo da zane, da juya maganar Ustaz zuwa Hausa. Suna kafa turaku, su ja igiya, su ɗebe yashi kwando kwando, su rairaye. Da suka matso kusa da magaryar sai shebur ya daki dutse. Suka share. Duwatsu uku ne, a jere kamar yadda mace ke jera su, bakinsu baƙi da hayaƙi. Gefe ga dutsen niƙa ya rabe biyu. Ga fasasshen gilashin fitila.

Ustaz ya juya gilashin a tafin hannunsa, ya ajiye.

"Wannan na jiya ne. Bai kai shekara talatin ba. Waɗansu sun zo sun ga tsohon bango, suka ɗora nasu a kai. Namu yana ƙasa. Za mu zana wannan, mu cire, mu sauka."

Babu wanda ya motsa cikin masu haƙan. Duk suna kallon murhun.

Baba Tsoho ne shugabansu, abokin marigayi Dauda, mahaifin Ja'afaru. Tare suka yi dakon ruwa. Ya ajiye kwandonsa ya tafi gindin magarya ya zauna, ya fito da goro bai ci ba. Ja'afaru ya bi shi.

"Baba, murhun wa ne?"

"Malam mai alƙalami, ba ka auna ka gani ba?"

"Baba."

"Na matata ne, Allah ya jiƙanta." Ya nuna da haɓa. "Can Isa mai jaki. Can su Rabi'u. Gida bai kai goma ba. Mun sauko daga Sudan ba mu da wurin sa haƙarƙari a Makka, muka ga bango a tsaye, ga ruwa kusa, ga aikin Arfa in lokaci ya yi. Na so Bamisren nan ya yi can gabas da haƙansa. Kullum ina karkatar da shi, kullum yana dawowa."

"Nan fa? Inda muke zaune?"

Tsoho ya juya goron a hannunsa.

"Uwarka ba ta gaya maka kana da yaya mace ba?"

Iskar ta taso daga bakin kwarin. Ja'afaru ya ji ta a bayan wuyansa.

Duk Jarwal an san Hajara da abu ɗaya: tana kiran ɗanta da sunansa, gatsal, a gaban kowa. Mata kan yi mata tsiya, wai zaman Makka ya cire mata kunya, wace uwa ke faɗin sunan ɗan fari. Ita kuwa sai ta ci gaba da aikinta. Shi ma ya ɗauka zaman Makka ne.

"Muna ce mata Laraba, don ranar aka haife ta," in ji Tsoho. "Sunan yanka ban sani ba, an yi suna tun suna hanya, kafin mu haɗu. Ta fara gudu, ta fara surutu. Ka san al'ada. 'Yar fari ce, tana hannun kakarta, uwar Dauda. Uwarka ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta kallonta ma. In za ta ba ta abinci sai ta ajiye kwanon ta ce, a ba waccan. Ba ƙi ba ne. Ni na sha ganinta ta bayan ɗaki tana leƙen yarinyar tana dariya ita kaɗai."

"Sai me?"

"Sai sel, ambaliyar da ke bin kwari. Da la'asar, rana tsaka-tsaki, ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Can kan duwatsun Ɗa'ifa aka yi ruwan. Wani makiyayi ya yi mana ihu daga sama. Maza muna wajen magudana. Mata suka kwashi abin da suka iya suka hau dutse. Ran nan tsohuwa ta kwantar da yarinyar a ɗakin uwarka, a kan dakalin dutse, ta tafi itace. Uwarka tana gidanmu tana niƙa, ba ta sani ba."

Ya ɓare goron, ya mayar da shi aljihu.

"Suna hawa, uwarka ta hango tsohuwa a gaba da abu a bayanta. Itace ne da zane a kai. Tsohuwa ta waiwayo ta ga uwarka da abu a goye. Tukunya ce. Kowace ta ce a ranta, tana wurin waccan. Suka zauna a kan dutse, wannan a nan, waccan a can, jama'a a tsakani. Ruwan nan bai zo da gudu ba, ɗan Dauda. A hankali ya zo. Muka tsaya muna kallonsa yana lasar bango. Da an yi tambaya ɗaya, da yaro ma ya sauka ya ɗauko ta ya dawo. Uwarka ta ce wa matata daga baya, tun a hanya gabanta ke faɗuwa. Amma ga surukarta, ga ƙannen miji, ga mu. Ta buɗe baki ta ce ina 'yata? Sai da matata ta ce, af, ina Laraba? Lokacin ruwa ya kai ƙirji."

"Ba ku koma ba?"

"Ubanka ya faɗa ruwan, muka jawo shi da igiya. Ruwa ya raba mu da kwarin, muka kwana biyu a wancan gefen. Da muka dawo bangon ya rufta, yashi ya hau kai. Ubanka ya yi tono da hannu har farcensa ya fita. Liman ya ce a bar ta, ƙasa ta riga ta yi mata sutura. Muka yi salla a nan, muka tafi Jarwal."

Ja'afaru ya dubi ƙasar da yake zaune a kai. Ya tashi tsaye.

Ya faɗa wa Ustaz da Larabci, a taƙaice. Ustaz ya cire tabarau ya goge.

"In ka ce a bari, an bari. Kwarin da faɗi."

"In an same ta fa?"

"A naɗe ta a kai ta maƙabarta kamar kowa."

Ja'afaru ya tuna ƙaurin gyaɗa. Ya tuna uwarsa ta ce a bar ɗakin, amma ita ce ta fara tambayar magarya.

"A tona," in ji shi. "Ni zan yi."

Masu haƙa suka ɗebe yashin sama suka ja baya. Tsoho ya ce shi ba zai taɓa ba, amma bai tafi ba, ya tsuguna a bakin ramin yana jan carbi. Ja'afaru da Ustaz suka ɗaga duwatsun bangon da ya rufta ɗaya bayan ɗaya. Ƙarƙashinsu ganyen dabino ne na rufi, ya zama baƙi, yana marmashewa a hannu. Ƙarƙashin ganyen yashi mai laushi. Ƙarƙashin yashin laka, busasshiya, mai santsi kamar an shafe ta da hannu.

"Wannan ruwan ne ya ajiye ta," in ji Ustaz. "Daga nan ba shebur. Ga buroshi."

Ja'afaru ya fara daga dakalin, inda aka kwantar da ita. Dakalin tsohon gini ne, na mutanen farko, ya kai ƙugun mutum, da wata kafa, ɗan gurbi, a bango a samansa. Babu komai a kai. Ya share gindinsa, yana jiran buroshin ya taɓa abu fari. Duk tsakuwar da ta fito sai numfashinsa ya tsaya.

Abin da ya fito rami ne, ɗan ƙarami, a cikin lakar. Ya share. Dunduniya. Ya share. Yatsu biyar.

Ya ci gaba. Ga wani a gabansa. Ga wani. Sawun ya sauko daga dakali, ya tafi wajen ƙofa, ya tsaya. A nan ƙafafun biyu suna jere, sun nutse sosai, kamar an daɗe a tsaye. Ya juyo. Ya zaga ɗakin ta jikin bango, ya koma ƙofa. Ya sake zagawa. A wani wuri ga tafin hannu, inda ta zame ta dafa.

Tsoho ya daina jan carbi.

"Ustaz," in ji Ja'afaru. "Wane ne ya riga wane?"

Ustaz ya durƙusa, ya kwantar da kansa kusa da ƙasa yana duban lakar ta gefe.

"Ruwa ya shiga. Ga layinsa a bango, bai kai kafar nan ba, cikinta za ta hau ta fake. Ruwa ya janye, ya bar laka. Laka ta fara daskarewa. Sannan aka taka ta. Sannan bango ya faɗi ya rufe." Ya miƙe zaune. "Ruwan bai ci ta ba, ya Ja'afar."

"To tana ina?" in ji Tsoho da Hausa. "Ku duba lungun can. Ku duba bayan ƙofa."

Suka duba lungun. Suka duba bayan ƙofa. Sai da rana ta karkata suka gama share ɗakin, bango zuwa bango. Ba ƙashi ko ɗaya.

A bakin ƙofa ne Ustaz ya ga ɗaya sawun. Babba, na takalmi, mai faɗin baki. Ya shigo taku biyu. Ƙananan sawun suka zo suka tsaya a gabansa. Daga nan babu su. Babban ya juya ya fita, kuma na fitar ya fi na shigowar zurfi.

Ba wanda ya nemi a fassara masa wannan.

"Ba namu ba ne," in ji Tsoho. "Duk cikinmu ba mai takalmi a lokacin." Ya share fuskarsa da hannu biyu. "Ayari na bin hanyar nan. Makiyaya na bi. Masu neman abin da ruwa ya bari na bi. Wani ya ɗauka don Allah, wani ya ɗauka don kasuwa. Shekarun nan, ɗan Dauda, yaro baƙi in ya ɓace a hanyar Makka ba a cigiya, an san inda ake kai su." Ya dubi sawun. "Muna can kan dutse muna kuka. Tana nan tana zagaya ɗaki."

Ustaz ya ce lakar ba za ta jure rana ba. Tun da ta sha iska za ta fara tsagewa, jibi sai gari. Suka rufe ta da tabarmi, suka danne da duwatsu. Ja'afaru ya hau motar ruwa da ke komawa Makka.

A bayan motar ya zauna, tsakanin gangunan. Da suka shiga gari ya kama kansa yana kallon mata. Wata ta fito daga wani babban gida da kwando a ka, baƙa, doguwa, fuskarta a rufe. Wata tana shara a ƙofar wani attajiri. Wata tana bin bayan uwargijiyarta da yaro a kafaɗa. Duk tafiyarsu ɗaya. Ya sunkuyar da kai har Jarwal.

Hajara tana ƙulla gyaɗa a takarda. Ta dubi ƙurar da ke jikinsa, ta dubi gwiwoyinsa.

"Ka tona."

"Na tona."

Ta ci gaba da ƙullawa.

"An sami likkafani? Akwai farin yadi a akwatina. Na daɗe da ajiye shi."

"Inna, ba ta nan."

"Ruwa ya tafi da ita ke nan."

"Ruwa bai taɓa ta ba. Ta sauko da ƙafarta. Wani ya zo ya ɗauke ta."

Ƙullin da ke hannunta ya kwance, gyaɗar ta watse a tabarma. Ta bi ta tana tsincewa ɗaya ɗaya, har wadda ta shige ƙarƙashin akwati. Da ta gama ta ce, "Ƙarya Bamisren yake yi."

"Ba shi ya faɗa ba. Da idona na gani."

"Liman ya ce ta rasu. An yi salla. Na yi mata sadaka duk shekara." Muryarta ta hau. "Wanda ya mutu yana wurin Allah, an san inda yake. Me ka je ka tono min? Na ce ka bari, na ce ka bari, ya walad, yaron nan!"

Bai ba ta haƙuri ba. Ya ce motar ruwa na tashi bayan asuba.

Ba ta ce za ta je ba. Da ya fito da safe ya tarar da ita a bakin lungu, da mayafi, da takalmanta a hannu.

A kwarin ba ta gai da Ustaz ba, ba ta amsa gaisuwar Tsoho ba. Ta wuce kai tsaye zuwa magaryar kamar jiya ta bar wurin. Masu haƙa suka janye can wajen rumfa. Ja'afaru ya ɗage duwatsun, ya naɗe tabarmin.

Lakar ta riga ta fara tsagewa. Sawun yana nan.

Ta sauka ramin ta gefen dakali, tana bin inda Ja'afaru ya nuna mata don kada ta taka. Ta bi sawun da ido, daga dakali zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bango, ya zagayo, ya koma ƙofa. Ta tsuguna inda ƙafafun biyu suke jere. Ta miƙa hannu, ta tsayar da shi a sama, ba ta taɓa ba. Sannan ta waiwaya ta ga Tsoho a bakin rami, da Ustaz, da mazan da ke leƙowa daga rumfa. Ta janye hannun ta sa cikin mayafi. Ta kau da kai gefe, kamar yadda ake yi wa ɗan fari.

"Waccan," in ji ta a hankali, "ba ta son a rufe mata ƙofa."

Iska ta shigo ta bakin kwarin da sautin nan nata. Wannan karon ba wanda ya ɗaga waƙa. Yashi ya fara gangarowa daga bakin ramin, siriri, yana cika dunduniyar sawun da ke kusa da ƙofa.

Ja'afaru ya sauko ya tsuguna kusa da ita, ya kare ta daga idon mutane da bayansa.

"Zan neme ta," in ji shi. "Gida gida. Makka, Jidda, Ɗa'ifa. Laraba kowa Laraba ne, kuma duk wanda ya ɗauke ta ya sake mata wani. Amma ta fara magana, Baba Tsoho ya ce. Yaro ba ya manta abin da kakarsa ke kiransa da shi. In na faɗa a gabanta, wataƙila ta waiwayo."

Hajara tana kallon bango. Leɓɓanta sun motsa, ba abin da ya fito. Kakar ta mutu, Dauda ya mutu. Ya duba sama, Tsoho ya girgiza kai.

Ya matso har yana jin numfashinta, ya rage murya yadda ko magaryar ba za ta ji ba.

"Ba kowa, Inna. Ni kaɗai ne. Mene ne sunanta?"